EVGA SR-2: shekara guda da madabod mai furosesa biyu

Ranar da allon nan, wato madabod da ake dasa sassan kwamfuta a kansa, ya iso hannuna, abin da na fara yi shi ne kara shi a jikin akwatin kwamfutata. Na san ba zai shiga ba, na riga na karanta girmansa, amma ji daban, gani daban. Madabod irin wanda aka saba da shi, ATX, milimita 305 ne da 244. Wannan kuwa 345 ne da 381, girman da aka raɗa wa suna HPTX. Sai da ya yi makonni a shimfiɗe a kan tebur, a bisa katako, wayoyi ko'ina, kafin in samu akwatin da zai ɗauke shi. Duk mai sha'awar EVGA Classified SR-2 ya fara da neman masauki, kafin ya nemi baƙon.

Na hannu na saya, don allon ya fito tun 2010. Aikina haɗa bidiyo ne da zanen kwamfuta mai siffa uku a Blender, irin aikin da ke cinye duk wata ƙwayar furosesa da aka ba shi. Na ɗora masa Xeon X5675 guda biyu. Kowanne ƙwaya 6 (ƙananan furosesa da ke cikinsa), zare 12 (ayyukan da yake iya ja a lokaci guda), gudunsa na asali gigahaz 3.06. In an haɗa, ƙwaya 12 ke nan da zare 24. Amma ba yawan ƙwayar ne ya ja ni ba, akwai allunan saba, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, barkatai da za su ba ka haka. Abin da ya ja ni shi ne wannan allo yana barin mutum ya ƙure wa Xeon biyu gudu a lokaci guda, wato ya ɗaga gudunsu sama da na asali, kuma tun bayansa ba a sake yin wanda ya kama ƙafarsa a wannan fanni ba.

Ba shi ne na farko ba. A 1999 kamfanin ABIT ya fitar da BP6, wanda ke ɗaukar Celeron biyu, masu sha'awa suka riƙa ɗaga mai megahaz 366 zuwa 550 ta hanyar matsar da agogon allo daga 66 zuwa 100. A ƙarshen 2006 AMD ta zo da Quad FX, shi ma mai furosesa biyu. A 2008 Intel ta fitar da Skulltrail, wato allon D5400XS da furosesa Core 2 Extreme QX9775 guda biyu. Na ambaci Skulltrail ne musamman saboda darasin da ya bari a kan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da furosesa ke aiki da ita, kuma ram ɗin ne ya fi cin lokacina a kan SR-2, fiye da furosesa nesa ba kusa ba.

Skulltrail ya gaji nau'in ram mai suna FB-DIMM daga duniyar saba. Kowane sandan ram na wannan nau'i yana ɗauke da wani ɗan guntu a tsakiyarsa, AMB, wanda bayanai ke ratsawa kafin su isa inda za a adana su. Amfaninsa shi ne a jera ram mai yawa ba tare da sigina ta lalace ba. Illarsa kuwa zafi da jinkiri, biyun da mai ƙure gudu ya fi tsana. Da Intel ta koma tsarin furosesa mai suna Nehalem, sai ta ɗauke mai kula da ram daga kan allo ta cusa shi cikin furosesa, abin da AMD ta yi tun 2003. Shi ya sa a SR-2 kowane furosesa yake da nasa ram: gurbi shida a gefensa, hanya uku, kowace hanya gurbi biyu. Jimilla gurbi 12 na DDR3, kuma takardar allon ta ce yana ɗaukar har gigabait 48.

A nan na fara tuntuɓe. Wanda ya sayar mini da ram ya turo sanda shida, duk gigabait 4, ya ce iri ɗaya ne. Na jera su, na danna maɓalli, fankoki suka tashi, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Ɗan allon lambobi da ke kan madabod ya maƙale a wuri guda. Na zare su ɗaya bayan ɗaya na kai kusa da fitila, sai na ga biyu daga ciki suna da wani ƙarin guntu a tsaka da sauran ba su da shi. A jikin takardar da aka liƙa musu an rubuta 10600R, sauran kuwa 10600E. Harafi ɗaya tal, amma shi ne komai. Mai R shi ne RDIMM, mai rajista, wanda umarnin furosesa ke bi ta cikin wancan guntu kafin ya rarrabu. Mai E kuwa ECC ne marar rajista. Mai kula da ram na Xeon ya san yaren kowanne, amma ba ya yarda a gauraya masa su. Haƙoransu duka 240 ne, tsagar ma wuri guda take, don haka suna shiga gurbi lami lafiya, babu abin da zai gargaɗe ka sai baƙin sikirin.

Tun da na taɓo ECC, bari in faɗi ra'ayina, don tambaya ce da ke yawan tasowa. Ram na gama-gari yana tura bayanai ɗigo 64 a lokaci guda. Mai ECC yana tura 72, ƙarin takwas ɗin na binciken kuskure ne. In ɗigo ɗaya ya juye, zai gyara shi, in biyu ne zai gane. Ga injin da ke kwana yana aiki wannan babbar kariya ce. Amma ga mai ƙure gudu akwai wani ɓoyayyen tarko: in ka matsa wa ram har ya fara kuskure, ECC zai iya riƙa gyarawa a shiru, kai kana ganin komai lafiya, alhali kana tafiya a bakin rami. Sai in manhajar gwajinka tana nuna kurakuran da aka gyara. Ban da haka, yawancin sandunan ECC na zamanin 1333 ne, ba a ƙera su don a ja su sama ba. A ƙarshe na koma kan ram na gama-gari mai gudun 1600, wuta bolt 1.5, sanda shida, uku a kowane ɓangare, ɗaya a kowace hanya.

Wannan karon ya tashi. Na shiga Windows ina murna, sai na ga ta ce gigabait 20 ne take iya amfani da su, alhali na sa 24. Manhajar CPU-Z kuma tana ganin sanduna shida cif. Wannan sananniyar cuta ce a duk allon da ke da soket, wato mazaunin furosesa, irin LGA1366, ba ta SR-2 kaɗai ba: hanya ɗaya ta ram ta ɓace. Dalilan da aka sani uku ne. Ko wutar mai kula da ram ta yi ƙasa, ko an ɗaure ƙarfen sanyaya da ƙarfi har furosesa ya karkace a zaune, ko kuma ɗaya daga cikin filoli 1366 da ke cikin soket ya lanƙwashe. Na fara da mai sauƙi, na sassauta sukurori huɗu na furosesa na biyu, kowanne kwata-kwatan juyi. Babu canji. Sai na cire komai, na goge man sanyaya, na ɗaga furosesa, na haska tocila a karkace. Filolin suna sheƙi bai ɗaya kamar an tsefe su, sai guda ɗaya a gefe da ke mayar da haske ta wata fuska daban. Da gilashin ƙara girma da bakin allura na taɓa shi, ina riƙe numfashi, na tura shi kaɗan-kaɗan har ya daidaita da 'yan'uwansa. Ya ɗauke ni kusan rabin awa. Na mayar da komai, na kunna, 24 suka bayyana. Ko a hanya ya lanƙwashe ko a hannun mai shi na farko, sanin haka ba zai ƙara mini komai ba. Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne soket biyu na nufin filoli 2732, kuma guda ɗaya ya isa ya hana ka barci. Ka nemi hoton soket ɗin biyu na kusa kafin ka biya.

Yanzu ga ƙure gudun. Gudun furosesa lissafin ninki ne: agogon tushe, wanda ake kira BCLK, sau lambar ninki. Agogon tushe a wannan zamani megahaz 133 ne. X5675 lambarsa 23, shi ya ba da 3.06. A furosesan da aka yi wa masu wasa, irin su Core i7-980X, lambar a buɗe take, sai ka ɗaga ta kawai. Amma waɗancan ba sa aiki bibbiyu, don gadar QPI, hanyar da furosesa ke musayar bayanai da waje, ɗaya ce tak gare su, alhali zama biyu na buƙatar gada biyu: ɗaya zuwa guntun allo, wato Intel 5520, ɗaya kuma zuwa ga ɗan'uwa. Xeon 5500 da 5600, dangin da X5675 ke ciki, su ne ke da wannan, su kuma lambarsu a kulle take. Saboda haka hanya ɗaya ce ta rage, a ɗaga agogon tushe.

Matsalar ita ce ba furosesa kaɗai ke rawa da wannan kiɗa ba. Ram daga agogon tushe yake samun gudunsa. Gadar QPI haka. Ɓangaren furosesa mai ɗauke da ma'ajiyar L3 da mai kula da ram shi ma haka. Ka taɓa lamba ɗaya, abu huɗu sun motsa, kuma a wannan allo kowanne kashi biyu ne. Ga misali da nawa. Na so gigahaz 4, sai na nufi agogo 175, don 175 sau 23 ya ba da 4025. In na bar QPI a kan ninkinta na asali, 48, wanda ke ba da 6.4 a agogo 133, to a 175 za ta haura zuwa 8.4, abin da gadar ba za ta jure ba. Da na sauke ta zuwa 36, sai ta tsaya a 6.3, ƙasa kaɗan da inda aka ƙera ta. Ram kuma zaɓi biyu ya ba ni. Ninki 10 zai kai shi 1750, ya wuce ƙarfin sandunana. Ninki 8 zai ajiye shi a 1400, ƙasa da ƙarfinsu. Babu tsaka-tsaki. Wanda ke son ram ɗinsa ya zauna daram a 1600 sai ya kai agogo 200 da ninki 8, ko ya tsaya a 160 da ninki 10.

Na zaɓi 1400, kuma ban yi asara kamar yadda lambar ke nunawa ba. Da yake sandunan suna tafiya ƙasa da iyakarsu, na rage musu jinkirin CL, wato lokacin da ram ke ɗauka kafin ya amsa, daga 9 zuwa 8. CL9 a gudun 1600 daidai yake da nanosakan 11.25. CL8 a 1400 kuwa 11.4 da ɗoriya. Bambancin bai kai a tsaya magana a kansa ba, kuma da hanya shida na ram a buɗe, faɗin hanyar ya wadatar da aikina.

Abin da ya fi burge ni a allon shi ne yadda ya raba wuta. Kowane furosesa yana da nasa ma'aunin wutar ƙwaya, da nasa na VTT mai ciyar da QPI da mai kula da ram, da nasa na ram. Da farko na ɗauka ƙawa ce kawai, sai da na ga amfaninta da idona. Furosesan nan biyu sunansu ɗaya, lambarsu ɗaya, amma halinsu ba ɗaya ba. Na farko ya zauna a gigahaz 4 da wuta kaɗan. Na biyu sai da na ƙara masa taki uku kafin ya daina jefo kuskure a manhajar gwaji ta Prime95. Da a ce ma'aunin ɗaya ne, da dole in ɗora wa mai ƙarfin wutar da ba ya buƙata, ya yi ta ɗaukar zafi a banza. Sai dai agogon tushe guda ɗaya ne ga su biyun, don haka mai rauni shi ke yanke inda za a tsaya. Na farko na tabbata zai iya wuce haka, amma ba zai tafi ya bar ɗan'uwansa ba. Wannan ita ce gaskiyar da duk mai shiga harkar furosesa biyu ya kamata ya haɗiye tun farko: abin da kake gani mutane na samu da Xeon ɗaya a kan allon X58 mai furosesa ɗaya, kada ka sa ran samunsa a nan kai tsaye.

Game da iyakar wuta, na bi abin da aka daɗe da sani. Intel ta yi gargaɗi tun farkon Nehalem cewa kada wutar ram ta wuce bolt 1.65. Su kuma Xeon 5600, da yake ƙirar nanomita 32 ce, sun fi na baya saurin jin jiki in an cika musu wuta, don haka ban bar wutar ƙwaya ko VTT ta haura 1.35 ba. Tafiyar kuwa sannu a hankali na yi ta: in ƙara agogo biyar, in gwada, in rubuta a littafi. In ya ƙi tashi, akwai maɓallin mayar da saiti a bayan allon, na danna shi sau ba adadi. Kuskuren da ya fi wahalar ganewa shi ne wanda ba ya kashe kwamfuta. Akwai saitin da ya wuce gwajin awa biyu lafiya, amma bidiyon da na bari cikin dare na wayi gari na tarar ya tsaya a tsakiya. Manhajar gwajin ram ta MemTest86 ce ta tona asirin, a zagaye na uku, kuma ƙarin VTT taki ɗaya a furosesa na biyu ya kashe maganar.

Daga baya na ari wasu sanduna shida na cika gurabe 12, don in ga 48. Ya tashi, amma a agogo 175 ya ƙi zama. Sanda biyu a hanya ɗaya nauyi ne a kan mai kula da ram, sai an sassauta masa lokutan jira ko an sauke agogo. Na mayar da na aro. Wanda aikinsa ke buƙatar ram mai yawa, ya fi masa ya nemi manyan sanduna shida da ƙanana goma sha biyu.

Zafi da wuta ba abin rainawa ba ne. Kowane X5675 an auna shi a wat 95 a gudunsa na asali. Cin wutar furosesa yana hawa daidai da gudu, kuma yana hawa da ninkin bolt sau kansa. In ka ƙara gudu kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara wuta kashi ɗaya cikin goma, lissafi zai kai ka wajen wat 150 a kowanne. Shi ya sa allon ke da mashigar wuta mai fil 8 guda biyu, ɗaya ga kowane furosesa, ga kuma ƙarin masu fil 6. Na'urorin ba kwamfuta wuta da yawa fil 8 ɗaya kawai suke da shi, a duba kafin a saya. Sannan a tsakiyar allon akwai guntun 5520 da NF200 guda biyu na NVIDIA, waɗanda ke raba hanya ga guraben kati bakwai, duk a ƙarƙashin murfi ɗaya da 'yar fanka. Suna ɗaukar zafi ko da kwamfutar ba ta aikin komai. Na ɗora fanka babba tana hura musu iska kai tsaye. Wani abin da sai ka haɗa za ka lura: in iska daga gaba take shigowa ta fita ta baya, furosesan da ke baya yana shaƙar iskar da na gaba ya riga ya ɗumama. Da na gane haka sai na musanya musu wuri, na kai mai son wuta da yawa inda iska ke da sanyi.

To me aka samu bayan duk wannan? A Blender da HandBrake mai sarrafa bidiyo, inda aiki ke rarrabuwa, ganin zare 24 sun cika maƙil a gigahaz 4 abin farin ciki ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lokacin da nake jira ya ragu sosai in an kwatanta da gudun asali. A wasanni kuwa labarin daban ne. Yawancinsu ba sa cika ko furosesa ɗaya, kuma akwai matsalar da ake kira NUMA: in zare yana aiki a furosesa na farko amma bayanansa suna cikin ram na biyu, sai sun tsallaka gadar QPI, tsallakawar kuma lokaci ce. Wani lokaci ɗaure wasa a kan furosesa ɗaya ya fi barinsa ya yi ta yawo tsakanin biyun. A kuma tuna cewa Windows nau'in Home soket ɗaya take gani, sai Pro ko Linux.

Shekaru ma sun yi aikinsu. Waɗannan furosesa ba su da umarnin AVX, wanda ya zo da Sandy Bridge a 2011, kuma akwai manhajoji da wasannin yau da ba sa ko buɗewa in babu shi. Manhajar da ke tada allon BIOS ce ta da, ba UEFI ta zamani ba, don haka tada Windows daga faifan NVMe sai da dabara. Windows 11 ba ta lissafa su cikin waɗanda take goyon baya ba. Furosesa ɗaya na zamani mai matsakaicin ƙarfi zai yi aikin nan da sauri, da wuta kaɗan, ba tare da ko fil ɗaya ya sa ka gumi ba. Ba zan ɓoye wannan ba.

Duk da haka ina ƙaunar allon nan, kuma dalilin yana cikin abin da ya biyo bayansa. Daga Sandy Bridge, Intel ta ɗaure agogon tushe a megahaz 100 tare da hanyoyin PCIe da sauran sassa, ta yadda matsar da shi fiye da 'yan kaɗan ke rikita komai. Lambar ninki ta Xeon masu zama biyu kuma ta ci gaba da zama a kulle. Da EVGA ta fitar da SR-X a 2012 don Xeon E5, allon yana nan da ƙarfinsa amma babu abin da za a murɗa. A SR-2 kuwa kowace lamba a hannunka take, kuma kowace tana nuna maka dalilinta. A shekara ɗaya da shi na fahimci yadda ram da furosesa ke magana fiye da duk shekarun da na yi ina haɗa kwamfuta.

Ga wanda ke neman injin aiki kawai, ko na wasa, ba zan ba shi shawarar saye ba. Ga wanda ya taɓa ƙure gudu a allo mai furosesa ɗaya, yana da haƙuri, yana da wurin ajiye shi, kuma abin da yake so shi ne ya ji injin a hannunsa, ina ba shi shawara da zuciya ɗaya. Ya nemi Xeon biyu masu lamba ɗaya, zai fi kyau masu ninki 23 zuwa sama irin X5675 ko X5680 ko X5690, don kada ya dogara da agogo mai tsawo. Ya sayi ram sanda shida iri ɗaya, ya karanta harafin da ke jikinsu da kansa. Nawa yana nan a 175 sau 23, ram a 1400, kuma a shafin ƙarshe na littafina na rubuta 180 da alamar tambaya, ina jiran in samu wani X5675 da zai maye gurbin na biyun in sake gwadawa.